Iskar da Ke Rufa wa Injin Roka Asiri

Kawuna gyaran injin ban-ruwa yake yi a Katsina, kuma da zarar damina ta ɗauke rumfarsa ba ta rabuwa da masu noman rani daga wajen Ajiwa da Jibiya. Wata Asabar ina zaune wurinsa yana kwance kafireto, sai na nuna masa wani bidiyo a waya. Injin roka ne aka ɗaure da ƙarafa a fili, aka tayar da shi, wuta na fita kamar za ta tsaga ƙasa. Ya kalla har ƙarshe ya miƙo mini wayar. Na ce, "Kawu, ka san wannan gwajin bai wadatar ba? Akwai injinan da ba a yarda da su sai an kunna su a ɗakin da aka zuƙe wa iska." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ɗan nan, injin da ya tashi ai ya tashi. Me kuma iska ta tsare masa?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar da na ba shi a ranar. Ga abin da ya kamata in ce masa.

Iska tana da nauyi, kuma danne mu take yi dare da rana. A bakin teku, kowane murabba'in santimita na jikin mutum yana ɗauke da nauyin kusan kilo 1, wato tafin hannunka kaɗai yana ƙarƙashin abin da ya kai buhun gero. Ba ma jin sa ne don ta kowane gefe yake zuwa, jikinmu ma yana turawa daga ciki. Wanzami ya fi kowa sanin wannan a aikace: in ya kafa ƙaho ya zuƙe iskar ciki ya toshe, iskar waje ce ke manne ƙahon da fata. Manomin rani ma ya sani. Komai ƙarfin injin ban-ruwa ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8, shi ya sa ake haƙa masa rami a sauke shi kusa da ruwan. Injin gurbi kawai yake buɗewa a cikin tiyo, nauyin iska ne ke turo ruwan sama, kuma iyakar ƙarfinta, ko da komai ya tafi daidai, mita 10 ne da 'yan kai.

Wannan nauyin raguwa yake yi in ana hawa sama. Mu nan Katsina da muke kan tudu na kimanin mita 500 mun riga mun fi Legas sauƙinsa kaɗan. A tsayin kilomita 5 da rabi saura rabi. A kilomita 30 saura kusan kashi 1 cikin 100. In aka wuce kilomita 100 sai a ce babu.

Roka kuwa hawa-hawa ake gina ta. Hawan ƙasa shi ke ɗaga ta daga doron ƙasa, in mansa ya ƙare a yar da shi. Hawan sama sai an kai can inda iska ta ƙare ake kunna injinsa, wani lokaci a kashe, a bar shi ya yi ta shawagi, a sake kunnawa. Wannan injin ba a cikin iska zai yi aikinsa ba, amma a cikin iska aka ƙera shi, a cikinta kuma ake son a tabbatar da lafiyarsa. Nan gizo ke saƙar.

A duba bakin injin. Duk wanda ya ga kakaki a Ƙofar Soro ranar hawan salla ya san siffar: maƙogwaro siriri, sannan baki mai buɗewa. A cikin tukunyar injin ana ƙona mai da oksijin, zafi ya haura digiri 3,000, hayaƙin ya matsu ya bi ta maƙogwaron, sannan ya bazu a cikin bakin. Yana bazuwa gudunsa na ƙaruwa, matsinsa na raguwa. A injinan da ke ƙona haidirojin, gudun hayaƙin yana haura kilomita 4 a daƙiƙa ɗaya. Inda babu iska, gwargwadon faɗin bakin gwargwadon ribar da za a ci daga kowace litar mai. Shi ya sa injin Merlin na kamfanin SpaceX iri biyu ne: na hawan ƙasa, filin bakinsa ya ninka na maƙogwaronsa sau 16, na hawan sama kuwa sau 165. Injin Vinci na rokar Turai Ariane 6 nasa sau 240 ne.

To, a kunna irin wannan mai ƙaton baki a fili. Kafin hayaƙin ya isa leɓen bakin, matsinsa ya riga ya faɗi ƙasa da na iskar waje nesa ba kusa ba. Sai iskar ta kutso ta gefe, ta ɓamɓare harshen wutar daga bango. Da a ce daidai take ɓamɓarewa ta ko'ina da sauƙi, amma yanzu ta saki nan, an jima ta saki can, bakin ya riƙa jijjiga yana karkata kamar kwanon rufi a guguwar farkon damina. Ga shi bangon ba kauri gare shi ba, don kowane kilo da aka rage riba ce. A watan Disamban 2010, da aka ga tsaga a leɓen bakin wani injin hawan sama na rokar Falcon 9, da almakashin yankan kwano aka datse wurin, rokar ta tashi lafiya. Abin da almakashi ke yankawa ba zai jure wannan jijjigar ba.

Wannan ita ce matsalar da ake gani da ido, kuma tana da dabara mai araha: a cire dogon bakin a gwada injin da gajere. Ana yin haka sosai. Abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ya sa na zauna rubutun nan, shi ne ɗaya fuskar. Iska ba ɓarna kaɗai take yi wa gwaji ba. Sau da yawa taimakon injin take yi a ɓoye, ta rufe masa aibi, har sai ya je inda babu ita sannan asiri ya tonu.

Ranar 4 ga Afrilun 1968 Amurka ta harba Apollo 6, gwaji na biyu na rokar Saturn V, babu mutum a ciki. Hawa na biyu yana da injina biyar masu suna J-2. Biyu suka mutu a hanya, ɗaya don ciwon kansa, ɗayan don an haɗa wayoyinsu a juye, umarnin kashe marar lafiyar ya faɗa kan mai lafiya. Injin hawa na uku kuma, da aka zo sake kunna shi a sama, ya ƙi tashi. Injinan nan an sha gwada su a ƙasa ba adadi. Da aka bi diddigi sai aka tarar da wani ɗan bututu da ke kai haidirojin wurin abin da ke kunna wuta, wanda za mu iya cewa fulogin injin. Bututun yana da gaɓa mai lanƙwasa, mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙera. Ruwan haidirojin sanyinsa digiri 253 ne ƙasa da sifili. A ƙasa, wannan sanyin yakan sa iskar da ke kewaye da bututun ta koma ruwa da ƙanƙara ta lulluɓe gaɓar, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin zufa, sai wannan lulluɓin ya riƙa shanye karkarwar da gudun mai ke haddasawa. A sama babu iskar da za ta daskare. Gaɓar ta yi ta karkarwa tsirara har ta tsage. Da injiniyoyi suka maimaita gwajin a wurin da aka zuƙe iska, ba a jima ba ta tsage a gabansu. Aka sauya ta da bututun ƙarfe marar ninki, kuma Saturn V ta gaba ita ce ta ɗauki mutum uku na Apollo 8 suka zagayo wata a Disamban shekarar.

Ka duba fa. Babu wanda ya zana wannan ƙanƙarar a takarda, babu wanda ya san tana aiki, amma ita ke riƙe da injin a duk gwajin da aka yi.

Bayan shekara 40 irin haka ta sake faruwa ta wata ƙofar. A watan Agustan 2008 SpaceX ta harba ƙaramar rokarta Falcon 1 karo na uku daga wani tsibiri a tekun Fasifik. Hawan ƙasa ya gama aikinsa, aka kashe injin, aka raba shi da hawan sama. Sai ga shi ya biyo baya ya daki na saman, tafiya ta lalace. Dalili shi ne, bayan an kashe injin akwai ɗan sauran mai a cikin hanyoyin sanyaya shi da ke ci gaba da fita yana ba da ɗan turi. Matsin wannan saura kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na nauyin iskar ƙasa, don haka a wurin gwaji iska ta danne shi, kusan ba a ga alamarsa ba. A sama babu mai danne shi. Gyaran bai wuce ƙara 'yan daƙiƙoƙi tsakanin kashe inji da rabuwa ba, kuma ranar 28 ga Satumban 2008 ta huɗun ta isa falaki, wato ta shiga zagaya duniya. Turawa ma sun ɗanɗana: a Disamban 2002 sabuwar Ariane 5 ta lalace da taurarin ɗan'adam biyu a kanta, saboda bakin injinta Vulcain 2 ya lanƙwashe a sama ƙarƙashin wani nauyi da gwajin ƙasa bai nuna ba.

Saboda irin waɗannan ake gina ɗakunan gwaji masu kwaikwayon sama. Zuƙe iska daga rufaffen ɗaki ba wani abin mamaki ba ne, famfo da haƙuri kawai yake so. Wuyar ita ce abin da za ka saka a ciki. Injin roka yana amayar da kilo-kilo na hayaƙi mai zafin narka ƙarfe a kowace daƙiƙa. Vinci, wanda ba ya cikin manya, yana ƙone kusan kilo 40 a daƙiƙa. Ɗakin da ka kwana kana zuƙewa zai cika kafin ƙiftawar ido. Kamar a ce ka riƙe rijiya a ƙafe alhali kogi na kwarara cikinta.

Dabarar da aka samo ta burge ni ƙwarai, domin injin ake sa wa ya yi wa kansa shara. Ana kafa wani dogon bututun ƙarfe daf da bakin injin, a kewaye shi da ruwan sanyaya. Hayaƙin yana faɗawa ciki da gudun da ya ninka na sauti sau da yawa, ya cika bututun fam, ya zama kamar toshiya mai tafiya gaba kawai. Iskar waje ba ta da ƙarfin da za ta keto shi ta dawo, shi kuma yana jan duk ɗan abin da ya rage a ɗakin yana ficewa da shi. A cikin bututun gudun yana raguwa mataki-mataki, matsi na ƙaruwa, har ya kai inda za a iya sakin sa. Kawu zai gane wannan da wuri, don haka kafireto ke aiki: iska mai gudu ta bi ta ƙuntataccen wuri ta ja fetur ta tafi da shi.

Sai dai wannan toshiyar tana nan ne muddin injin na ci da ƙarfinsa. Kafin a kunna babu ita, alhali kunnawa a inda babu iska na cikin manyan abubuwan da ake son gani. In an kashe ma ta ɓace, kuma nan ne haɗari ya fi yawa, don hayaƙi mai zafi da iskar waje za su rugo baya su murƙushe siririn bakin nan kamar gwangwanin madara. Don haka ake ƙara wasu mazuƙa masu aiki da tururi a can gaba. Ana feso tururi da matsanancin gudu ta cikin bututu, ya ja hayaƙin ya riƙe gurbin, daga kafin kunnawa har bayan kashewa. Tururin da ake buƙata ya fi ƙarfin tukunyar masana'anta, shi ya sa a cibiyar gwaji ta Lampoldshausen da ke Jamus, inda aka fara gwada Vinci a 2005, ƙona sinadarin alkohol ake yi da ruwan oksijin a watsa ruwa a cikin wutar. Wato sai an kunna wasu ƙananan injinan roka kafin a iya gwada babban. A tsakiyar hanya kuma ana yi wa hayaƙin ruwan sama na famfuna don ya huce ya tsuke. In injin haidirojin da oksijin ne an ci sa'a, domin hayaƙinsa tururin ruwa ne, yana jin sanyi yake komawa ruwa ya zube.

Wuraren da ke iya wannan a duniya ba su da yawa. Amurka tana da su a cibiyar Arnold ta sojojin sama da ke jihar Tenesi, inda aka gwada J-2 a wani ɗaki da ke kan rami mai zurfin fiye da mita 70, da kuma White Sands a Sabuwar Meziko, inda aka gwada injinan kumbon da ya sauka a wata. Indiya tana da nata a Mahendragiri, can ake gwada injin CE-20, irin wanda ya ƙarasa tura kumbonta na zuwa wata, Chandrayaan-3, a Yulin 2023. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na hukumar NASA da ke Sandusky a jihar Ohayo, wurin da a da ake kira Plum Brook, yanzu kuma yake ɗauke da sunan Neil Armstrong. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka gina shi, kuma hawan roka sukutum ake zurawa ciki, da tankunansa da wayoyinsa da bawul-bawul ɗinsa.

Dalilin zura shi sukutum shi ne zafi da sanyi. Filas ɗin shayi yana riƙe zafi ne saboda an zuƙe iskar da ke tsakanin bangayensa biyu. Abin da ke sama kamar a cikin filas yake. Gefen da ke kallon rana yana gasuwa, gefen inuwa yana daskarewa, babu iskar da za ta kwashi zafi daga nan ta kai can. Bawul ɗin da ya yi awa biyar a inuwa zai iya ƙin buɗewa. Mai da ke cikin bututun da rana ta gasa zai iya tafasa, famfo ya zuƙi kumfa maimakon ruwa. A Sandusky bangon ɗakin ana zagaya shi da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a gefe guda kuma a jera fitilu masu zafi a madadin rana. A bar rokar ta jiƙu da wannan yanayi gwargwadon lokacin da za ta yi a sama, sannan a ba ta umarnin tashi a ga ko za ta amsa.

Abu guda ne ya gagari kowane ɗaki: rashin nauyi. A ƙasa mai yana kwanciya a gindin tanki inda bakin bututu yake. A falaki, in inji ya mutu, man sai ya watse yana yawo cikin tankin gunduwa-gunduwa. Ana sako abu daga dogon gini don a sami ɗanɗanon wannan yanayi, amma hasumiyar Bremen ta Jamus, mai tsayin mita 146, ba ta ba da ko daƙiƙa 10. A Yulin 1966 sai da Amurka ta harba roka guda da kyamarori a cikin tankin haidirojin ɗinta don kawai a ga yadda man ke yi. Maganin da aka tsaya a kai shi ne ƙananan injina da ke ɗan tura rokar gaba kafin a kunna babban, man ya koma gindi ya kwanta.

Kuɗin irin wannan gini ba na wasa ba ne. NASA ta kashe kusan dala miliyan 350 a kan wani dandali mai suna A-3 a cibiyar Stennis da ke Misisipi, aka soke shirin rokar da aka gina shi dominta a 2010, aka ƙarasa ginin aka rufe. Masu cewa a bar kwamfuta ta yi lissafi, ko a harba kawai a koya daga faɗuwa, suna da hujja, kuma in rokar mai araha ce babu mutum a ciki ba na musa musu. Amma kwamfuta abin da aka gaya mata take lissafawa. Ƙanƙarar bututun Apollo 6 babu wanda ya san da ita balle ya shigar da ita cikin lissafi.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Katsina da wannan. Kwanon setilayit ɗin da ke kan rufin gidajenmu, daga Ƙofar Ƙaura har Daura, taurarin da ke tsayin kilomita 35,786 yake kallo, kuma babu ɗayansu da ya isa can sai da injin da aka kunna a inda babu iska. NigComSat-1R na Najeriya, da aka harba daga Sin a Disamban 2011, hawa na uku na rokar da ta ɗauke shi haidirojin da oksijin yake ƙonawa. Ƙasar nan tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, da cibiyar binciken roka a Epe ta jihar Legas. Ina ganin yaranmu masu hazaƙa suna harhaɗa jirage da ƙananan rokoki da kwano da gwangwani, ana ɗaukarsu a waya ana tafi, kuma sun cancanci tafin. Abin da nake musu fata shi ne wani ya nuna musu ɗaya rabin sana'ar, rabin da ba ya tashi sama: ma'aunin matsi, ma'aunin turi, littafin rubuta sakamako, da ɗan ƙaramin ɗakin zuƙe iska. Muna da jami'o'i da kwalejojin fasaha a Katsina da Daura da Dutsin-ma, muna da masu walda da suka san hannunsu. Tukunyar ƙarfe mai murfi da famfon zuƙa ba su fi ƙarfin sashen koyar da injiniya ba, kuma a irinta ake gwada allunan lantarki da baturan ƙananan taurari.

Da na koma wurin Kawu bayan mako biyu na kwashe labarin Apollo 6 na gaya masa. Ya yi shiru yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Ai mu ma muna gani. Inji ya ja ruwa lafiya daga duro a nan rumfa, a kai shi fadama ya ƙi, don akwai 'yar ɓula a tiyon zuƙa da ba ta nuna kanta sai ruwa ya yi nisa. Shi ya sa in aikin mai nisa ne nake kai shi bakin rijiya in gwada."

Yana da wata tsohuwar kwamfiresar firji a ƙarƙashin benci. Muka haɗa bakinta na zuƙa da siririn tiyo, muka huda murfin wata kwalba mai kauri muka liƙe da gam, muka zuba ruwa mai ɗumi wanda yatsa ke iya jurewa. Da aka kawo wuta muka kunna. Bayan ɗan lokaci ƙananan kumfa suka fara tasowa daga gindi, can sai ruwan ya kama tafasa sosai, babu murhu babu gawayi. Kawu ya kai bayan hannunsa a hankali ya taɓa kwalbar, ya janye, ya sake taɓawa. Ya juya ya ƙwala wa yaran shagon kira, ya ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya gani.